Takabar Wasa

Shekaranjiya da hantsi na fito tsakar gida na tarar da jikata kwance a tabarma, an lulluɓe ta da farin zanen gadona tun daga kai har ƙafa. Ƙawayenta biyu suna tsaye a kanta, ɗaya na rusa kuka, ɗaya na riƙe da salula. Sai da na ruga kanta kafin in gane abin da ake yi. Gawar ta yaye zane ta ce, "Kaka, kin shigo mana cikin hoto, sai mun sake." Aka sake. Ta mutu sau uku kafin azahar, sannan ta tashi ta cinye shinkafa da wake har tana neman ƙari. Ban hana su ba, don ban ga bakin da zan hana da shi ba, ni da duk tsofaffin unguwarmu ta Zango suka san ni da wasan fim. Amma tun ranar gabana ke faɗuwa, irin faɗuwar da na ɗauka na bar ta a baya tuntuni.

Yaran yanzu ba su san hoto yana da wahala ba. Su dai su danna, in bai yi ba su goge, ko asarar tsinke ba su yi ba. Mu a zamaninmu kamfanin fim ɗinmu ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, da allo a ƙofa wanda ruwan damina ya cinye rabin rubutunsa. Mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa Shef, da ɗaukar bikin aure da na suna ya fara, har ya mallaki kamera irin mai zama a kafaɗa, wadda in ya yini da ita sai matarsa ta gasa masa wuya da ruwan zafi. Kaset daga Kano ake yo saƙonsa, saboda haka ba a wasa da shi. Kafin a danna sai mun maimaita magana har ta zauna a baki. Abin ɗaukar murya a kan gora muke ɗaure shi, kwali kuma mu liƙa masa takardar shayi mai walƙiya, a tari rana da shi a haska fuskar mai magana. Babban abokin gabarmu shi ne ƙarar gari. Shef zai ɗaga hannu ya ce, "Silans," unguwa ta yi tsit, to a lokacin ne jakin wani zai tuna yana da murya, ko ɗan ga-ruwa ya shigo lungu da garewaninsa, ko wata ta fara daka a bayan katanga. Sau nawa aka aike ni in roƙi mata su ajiye taɓarya, su kuma su ce sai dai in za a sa su a ciki. Ba ɗayanmu da wasa ke ciyar da shi. Akwai tela, akwai mai goro, akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, ni kuma ina ɗinkin hula a gida. Ɗakin kayan wasa ba mu da shi. Abin da labari ya nema, kowa ya je gida ya duba akwatinsa.

Maigidana direban babbar mota ne, mai bin hanyar Agadas zuwa Dirku, wani lokaci har bakin iyakar Libiya. Ya tafi da hatsi da mutane, ya dawo da dabino da gishiri. In ya fita, ya fita ke nan, ba waya ba saƙo, sai abin da direbobi suka faɗa a tasha, wai wane ya gan shi a rijiya kaza yana dafa shayi. Shi ya bar ni ina wasa, ba don na matsa ba, don dai abin yana ba shi dariya. Mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Inna, tare muke zaune, ita kuwa abin bai taɓa ba ta dariya ba. Jikar madugai ce, gidansu tun zamanin ayarin raƙuma suke rakiya da tarba, kuma suna da dokokinsu game da matafiyi. Ba a kife kwanon cin abincinsa. Ba a share ɗakinsa ranar da ya fita. Rigarsa ta Juma'a kuma a rataye take zama a ƙusa, ba a ninke ta, ba a sa ta akwati, ba a ba da aronta, sai ya dawo ya sauke ta da hannunsa. In na tambayi dalili takan ce, "Yarinya, mu haka muka tarar, kuma mazanmu sun yi ta dawowa." Ni 'yar unguwar Birni ce, na ɗan zauna a lakwal, a raina camfi nake kiran duk wannan, ko da yake ban taɓa kife kwanon ba.

A shekarar da nake ba da labari, Shef ya rubuta wasan wata mata da aka kawo mata labarin mijinta falke ya mutu a hanya, 'yan'uwansa suka taso za su raba ta da gida. Ni aka ba matar, tela aka ba mijin. Abin dariya, telan da ya ɗinka wa rabin Zango riga ba shi da ta fita kunya ko ɗaya, falke kuwa ba ya yiwuwa da 'yar shara. Ana gobe maigidana zai tafi na ba shi labari a ɗaka, ya yi dariya har ya ƙware. Ya tashi da kansa ya sauko da shuɗiyar shaddarsa mai aikin hannu ya miƙo mini.

"In dai za ku kashe ni, ku kashe ni cikin rigar mutunci," in ji shi.

Inna tana tsakar gida tana gyaran zogale. Ba ta ji maganar kisa ba, rigar kawai ta gani a hannuna. Ta ce da ɗanta, "Mayar da ita inda ka ɗauko."

"Inna, ai ban tafi ba tukuna. Yau rigata ce, sai gobe za ta zama taku."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da tsinke ganyenta. Da gari ya waye ya tafi, ƙusa kuma ta zauna ba komai a kanta.

A wani gidan aro muke ɗauka, can cikin Birni, gindin duwatsu. A labarin, rigar ce shaidar mutuwa: wani zai shigo da ita a ninke, ya ajiye a gabana, ya ce iyakar abin da aka samu ke nan. Na yi kukan da har matan da ke leƙe ta katanga suka taya ni. Shef ya ce ban taɓa wasa kamar na ranar ba, na koma gida ina jin kaina. Daga nan aka shiga takaba. Aka tsefe mini kai, na cire 'yan kunne da awarwaro, na ɗaura tsohon zane, na koyi yin magana ƙasa-ƙasa. To aikinmu yana da wata doka da mai kallo bai sani ba. Abin da za ka gani yini ɗaya ne a fim, mu sai mu yi wata muna ɗaukarsa, yau tela na da ɗinkin biki, gobe ba wuta balle a cika batir, jibi hadari ya ɓata haske. Saboda haka dole yadda ka fito jiya haka za ka fito yau. Shef ya hana ni kitso, ya hana ni lalle, ko kwalli ya ce yakan bar saura a ido. Haka na riƙa yawo a Zango, kai a tsefe cikin kallabi, hannu fayau, kamar wadda aka yi wa rasuwa da gaske.

Lokacin dawowar maigidana ya yi, ya wuce. Da fari ban damu ba, mota ce, hamada ce, an saba. Sai motocin da suka tashi bayansu suka fara shigowa. Akwai bakaniken da kullum suke tafiya tare, wani dogo mai faɗin kafaɗa. Matarsa 'yar ƙauyen Hamdara ce, muna ce mata Ta-Hamdara, ba ta da yawan magana, da goyo a bayanta. Kullum da safe takan biyo mini mu je tasha. Direbobi su ce sun gan su a Agadas. In na ce, "Bayan Agadas fa?" sai wannan ya tuna yana da taya da zai duba, wancan ya ce iska ta yi yawa bana, ta rufe sawu. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa sani ba. Duk ƙarar injin da ta taso daga titi sai in saki abin da ke hannuna, in kasa kunne ko zan ji irin ohon motar da maigidana yake busawa in ya kawo kwanar unguwarmu. Amma da la'asar dole in je in zauna a gaban kamera, mai goro da malamin lakwal su shigo su durƙusa su ce Allah ya jiƙansa, ni kuma in ce amin. Ranar nan bakina ya ƙi. Shef ya sauke kamera ya ce, "Hajiya, amin kawai za ki ce." Na buɗe baki, kalmar ba ta fito ba, aka tashi ba a ɗauki komai ba.

Daga bakin yara Inna ta ji. Duk inda muke ɗauka suna nan cike da katanga, in sun koma unguwa su maimaita abin da suka gani. Ta leƙa ƙofar gida ta tarar da wani ya ninke buhu ya ajiye gaban wata 'yar yarinya yana cewa iyakar abin da aka samu ke nan, yarinyar na birgima. Ta tambaye su wasan mene ne, suka gaya mata har da launin rigar. Ta shigo ta tsaya a kaina, ta sa hannu ta zame kallabina, ta daɗe tana kallon tsefaffen kaina. Na so a ce zagina ta yi, amma ba ta zage ni ba. Mayafinta ta ɗauka ta ce, "Wuce ki kai ni wurin mai kamfanin naku."

Muka tarar da Shef yana goge kamera da tsumma. Ya miƙe da sauri ya ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Kai ne ka kashe mini ɗa cikin rigarsa?"

"Inna, wasa ne. Ba shi ba ne, tela ne, kuma ga shi can a shago yana ɗinki."

"Na san wasa ne, ban haukace ba. Ku da kuka kashe shi da wasa, ku dawo da shi da wasa."

Shef ya sosa ƙeya. Ya ce rai da ajali a hannun Allah suke, ba a hannun mai kamera ba. Ya ce labarin gaba ɗaya a kan mutuwar nan yake tsaye, in miji ya dawo, 'yan'uwan ba su da abin faɗa, aikin wata da watanni ya zube ke nan, ga kaset ɗaya ya rage.

"Ban ce kai ne Allah ba," in ji Inna. "Addu'a ina yi, sadaka na bayar, malamai suna karatu. Wannan ɗaya ce ta rage, ita kuwa a hannunka take. Matarsa ta shiga takaba yana da rai. Ka fitar da ita."

Ya juyo wurina yana jira in taimake shi, don ya san ni ce mai yi wa camfi dariya a cikinmu. Ni kuwa sai na ji ina cewa, "Shef, don Allah ka yi mata." Ba don ita na faɗa ba, don kaina na faɗa, kuma shi ma ya gane.

An yi gardama a kamfani ba kaɗan ba. Malamin lakwal ya ce za a yi mana dariya har Maraɗi, an taɓa ganin mamaci ya dawo don tsohuwa ta ce? Tela kuwa tun da ya ji labari ya ce shi ba zai sake kwana da rigar nan a shagonsa ba. A ƙarshe Shef ya zauna ya karkata labarin: ashe ɓarawo ne ya sace rigar falke, shi ya mutu a hanya, falke yana nan da ransa. Ko yaro ya san an yi ɗori, amma haka aka tafi.

Ranar ɗauka Inna ta riga kowa zuwa. Da ta ga tela ya fito fes cikin shadda, ta ce ba haka matafiyi ke dawowa ba. Ta ɗebi ƙasa ta shafa masa a ƙafa da gira, ta ce kada ya shigo da fara'a, ya tsaya a zaure ya yi sallama da muryar wanda ya gaji. Ni aka zaunar da ni a tabarmar takaba, bayana na kallon ƙofa. Shef ya ce a yi shiru, kuma ranar ko zakara bai yi cara ba. Da sallamar ta zo, na san muryar tela ce, na san shi tun muna yara, amma da na waiwaya na ga shuɗin rigar nan a bakin zaure, duk maganar da na haddace ta gudu. Na rarrafa na kama gefen rigar na riƙe. Shef ya ce a sake, ban faɗi maganata ba, kuma gorar murya ta shigo cikin hoto. Inna ta ce ba za a sake ba, ya riga ya dawo, wa zai mayar da shi daji? Ta karɓi rigar a wurin, muka koma gida ta rataye ta a ƙusa, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitso da hannunta, tana ja kamar da gayya.

Muka ci gaba da jira. Wannan jiran ya fi na farko ciwo, don yanzu ba sauran abin da za a yi. Sai wata ranar Laraba da azahar, ina tankaɗe, na ji sallama a zaure da wata murya da ban sani ba. Mutum biyu ne suka riƙo maigidana. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, leɓunansa duk sun tsage, maganarsa sai ka matso kake ji. Guguwa ce ta ɓatar da su daga hanya, injin ya mutu a inda ba kowa ke bi ba, ruwa ya ƙare. Wasu masu raƙuma suka tsince su, soji suka kai su likita a Agadas, can ya yi jinya. Inna ba ta yi guɗa ba, ruwa ta kawo masa a kwanonsa, ta zauna tana kallo har ya shanye. Ni kuwa ban san na iya murna irin wannan ba. Daga baya da ya warware muka lissafa, ashe an tsince su tun kafin mu ɗauki dawowar tela. Na faɗa wa Inna, na faɗa wa matan unguwa, ba wadda ta so jin wannan lissafi.

Yanzu ɗakin kamfanin nan shagon cajin salula ne. Shef ya rasu, kaset ɗinmu zafi da ƙura sun cinye su, ko an samu mai kyau ba na'urar da za ta karanta shi. Samarin da ke bin hanyar nan yau, masu zuwa haƙar zinariya, daga tsakiyar hamada suke kiran iyayensu, in layi ya yanke na yini ɗaya gida ya rikice. Nakan dube su in ce a raina, ku ba ku san jira ba. Amma ba na faɗa a fili, don na san wadda ta fi ni saninsa.

Bakaniken bai dawo tare da su ba. Da ruwa ya kusa ƙarewa, shi ya ɗauki bido, wato jarkar ruwa, ya ce ya san wata rijiya a gabas, su jira shi. Aka tsinci masu jira, shi ba a ga ko sawunsa ba. Maigidana da bakinsa ya gaya wa Ta-Hamdara, ta saurara har ya gama, ta yi masa barka da arziki ta tafi. Bayan kwana kaɗan ta dawo da ƙunshi a hannu, ta same ni a madafa. Ta kwance, sai ga farar rigar mijinta, an wanke an goge.

"Yaya, ki roƙar mini Shef," ta ce. "Ba sai dogo ba. Tela ya shigo kawai ya yi sallama."

Na ce mata, "Ƙanwata, wallahi ba fim ne ya dawo da shi ba. An riga an tsince su kafin mu yi."

"Na ji an faɗa. Ki dai roƙar mini shi."

Na karɓa, don ban ga yadda zan mayar mata da ita ba. Shef bai yi gardama ba a wannan karon, ya nemo ragowar wani kaset na biki. Tela ya sa rigar, aka shafa masa ƙasa a ƙafa, ya tsaya a zauren gidansu ya yi sallama. Ta amsa masa da goyonta a baya, ta kawo masa ruwa ya sha.

Ta jira iyakar shekarun da malamai suka ce ta jira, sannan ta yi takabarta ta gaske. Danginta suka zo daga Hamdara za su tafi da ita, na je yi mata sallama, muka zauna a kan ƙullin kayanta. Ban tayar da maganar ba, ita ta tayar. Ba ta ce wasan ƙarya ne ba, ba ta kuma ga laifin kowa ba. Ta ce ta daɗe tana tunanin inda aka kuskure, kuma tana jin ta gano.

"Rigar ce ta yi wa tela yawa, Yaya," ta ce. "Da mun nemi mai kafaɗa irin tasa."